Kalankuwa a bokiti: yaya ake rainonta a Legas ba tare da ta ruɓe ba?

Maman Sadiya, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu. Shawara nake nema a kan wata fulawar daji mai ruwan ɗorawa, wadda ke fitowa a bakin hanya da filayen da ba a gine ba, irin na hanyar Ikorodu da ta Badagry. Ganyenta kaushi gare shi, in an shafa kamar harshen kyanwa. Maƙwabta Yarbawa suna ce mata yunyun. So nake in raine ta a gida saboda yadda malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma ke rububinta, kuma raina ya fi kwanciya da abin ƙasarmu a kan fulawoyin da ake jerawa a bakin titi, waɗanda yawancinsu daga waje aka kawo.

Ga yanayin wurin. Tsakar gidan siminti ce, babu ƙasa ko taku ɗaya, sai bokitan fenti masu lita 20 guda huɗu. Rana na shigowa daga ƙarfe 9 na safe zuwa wajen 3 na yamma. Ruwan burtsatse ne, kuma in ya kwana a roba sai a ga ja-ja ya kwanta a ƙasa. An tumɓuko guda biyu da saiwarsu an dasa cikin watan Yuni, aka cika bokitin da baƙar ƙasa da kashin kaji, amma kafin kwana 10 duk sun yi baƙi daga gindi sun faɗi.

Mene ne ya kashe su? Da iri ake shuka ta ko da reshe? Wane wata ya fi dacewa a nan Legas, kuma wace irin ƙasa ake haɗa mata? Don Allah wanda ya sani ya warware mini dalla-dalla.

Mai Lambu, Ojo

Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Kafin a kai ga maganar dashe, a fara tabbatar da abin da ke hannu, don kama da wane ba wane ba ne. Fulawa mai ruwan ɗorawa a bakin hanyoyin Legas ta kai iri huɗu, kuma biyu daga cikinsu baƙi ne da suka mamaye wuri har sun fi 'yan gida yawa.

Wadda kike nufi, sunanta na kimiyya Aspilia africana. Littattafan tsirrai sun rubuta mata sunayen Hausa irin su kalankuwa da tozalin 'yan mata da ja-majina, sai dai daga gari zuwa gari sunan kan hau kan wasu 'yan uwanta masu kama da ita. Dangi guda take da shuwaka da latas, dangi ne babba mai iri fiye da dubu 20 a duniya. Ki duba gaɓar karanta: ganye biyu-biyu ne suke fitowa suna fuskantar juna. Ganyen dogo ne mai tsini, santimita 6 zuwa 15, gefensa da ƙananan haƙora kamar na zarto, kuma manyan jijiyoyi uku ne suke tasowa daga gindinsa. Kaushin nan da kika ambata yana ciki da bayan ganyen duka. Karan na da gashi, ƙasansa in ya tsufa yakan yi tauri kamar itace. Furen kuwa faɗinsa bai fi na murfin kwalbar lemo da yawa ba, da kunnuwa kusan goma kewaye da tsakiya. Takan kai mita 2 in ta sami abin jingina, kuma ba ta shekara ɗaya ba ce, gindinta na daɗewa yana sake toho.

Wadda aka fi ruɗa ta da ita ita ce Tithonia diversifolia, 'yar asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya. Ita doguwa ce, tana kai mita 3, furenta ya kai tafin hannun yaro, ganyenta a tsage yake kamar yatsu uku zuwa biyar, kuma ɗaya-ɗaya yake fitowa, ba biyu-biyu ba. Baƙuwa ta biyu ita ce Sphagneticola trilobata, wadda masu sayar da fulawa ke bayarwa don a shimfiɗa a bakin katanga. Furenta kusan girman na kalankuwa ne, amma ita rarrafe take yi a ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa, ganyenta da kauri da sheƙi. Wannan tana cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna wajen mamaye ƙasar da ba tasu ba, don haka kada guntunta ya faɗa kwata ko fili. Ta huɗun 'yar gida ce, Melanthera scandens, Yarbawa na ce mata abo yunyun. Ganyenta ya fi faɗi a gindi, kusan mai kusurwa uku, kuma ta fi son hawa kan wasu tsirrai a wuri mai laima. In ita kika samu ba asara, renonsu kusan ɗaya ne, sai dai ta fi buƙatar abin hawa.

Abin da ya kashe naki guda biyun kuwa, abubuwa uku ne suka taru. Tumɓuke babba daga daji yana tsinke ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa, a bar manyan da raunuka. Sannan Yuni shi ne watan da ruwa ya fi yawa a Legas, garin da ruwan shekararsa kan haura milimita 1,500, alhali Kano ba ta cika kai 1,000 ba. Saiwa mai rauni a cikin bokitin da ke jiƙe dare da rana ba ta samun iska, sai ruɓa. Kashin kaji kuma, in bai ruɓe sosai ba, zafi gare shi, ƙona saiwa yake yi. Baƙin da kika gani daga gindi shi ne alamar haɗuwar ukun.

Baban Khalifa, Mile 12

Malam Mai Lambu ya gama da maganar ganewa, Allah ya ƙara sani. Ni zan ɗauki ta dashe. Hajiya, ki bar tumɓuka, reshe za ki yanko.

Ki je da sassafe kafin rana ta ɗaga, lokacin da karan ke cike da ruwa. Ki zaɓi uwa mai lafiya, koriya shar, nesa da kwata da bola. In kika ga sabon tohonta ya murɗe ko ya yi fari-fari, ki wuce, alama ce ta an yi feshin maganin ciyawa a wurin, kuma reshen da ya sha wannan magani ba ya kafa saiwa. In filin na da mai shi a nemi izini. Wuraren da aka keɓe don adana daji, kamar cibiyar nan ta Lekki da aka kafa a 1990, ba a yanke komai a cikinsu.

Reshen da ake so shi ne mai matsakaicin ƙwari: ba ɗanyen kan nan mai laushi da ke lanƙwashewa ba, ba kuma tsohon gindin da ya zama itace ba. Kaurinsa ya kusa na fensir ko ƙasa da haka kaɗan, tsawonsa santimita 15 zuwa 20, wato kamar ɗani guda, da gaɓa uku ko huɗu. Ki yanka da sabuwar reza ko wuƙar da aka goge da sifirit, dab da ƙarƙashin gaɓa, domin daga gaɓa saiwa ta fi fitowa. Ki cire ganyen gaɓoɓi biyu na ƙasa gaba ɗaya, na saman kuma ki rage kowanne da rabi, saboda reshe marar saiwa ba zai iya shayar da faffaɗan ganye ba. Duk fure ko ƙullin fure da ke kansa ki tsinke shi, komai kyansa. Ki naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ki sa a leda har ki iso gida, kuma kada su kwana ba a dasa ba. Ki yanko 12 in kina son bokiti huɗu, don ba duka ke kamawa ba.

Kada ki kai su babban bokiti kai tsaye. Ki sami ledojin ruwan sha, ki yanke baki, ki huda ƙasan sau huɗu ko biyar, ki cika da yashi kashi biyu da ƙasa kashi ɗaya, babu taki ko kaɗan. Ki yi rami da tsinke, ki zura reshen har gaɓa biyu su nutse, ki danne gefen da yatsa. Kada ki soka shi da ƙarfi, fatar gindin ce ke salewa. Ki ajiye su a inuwa mai haske, inda ruwan sama ba ya dukansu, ki riƙa yayyafa ruwa da safe gwargwadon yadda yashin zai kasance da danshi, ba caɓi ba. Daga mako biyu zuwa huɗu za ki ga sabon toho a hammatar ganye. Toho kaɗai ba shaida ba ne, reshe kan yi toho da abincin da ke jikinsa. Ki ɗan ja shi a hankali, in kika ji ya riƙe, ya kafa. In farar saiwa ta leƙo ta hudar leda, lokacin sauya masa gida ya yi. Kafin nan ki saba masa da rana: awa biyu na safe kwana uku, awa huɗu kwana uku, sannan ya fita gaba ɗaya.

Yanzu bokitin, wanda shi ne rabin aikin. A kankare ragowar fentin a wanke. A ɗora ƙusa mai inci 4 a wuta a huda ƙasan sau 10, a ƙara huda huɗu a gefe, yatsa biyu daga ƙasa. A ɗora bokitin kan bulo biyu ko duwatsu, don in ya zauna daram a kan siminti hudar toshewa take yi. Haɗin ƙasar: ƙasar saman gona kwano biyu, yashi mai tsakuwa-tsakuwa kwano ɗaya, ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki kwano ɗaya, da dakakken gawayi cikin tafin hannu biyu a kowane bokiti. Gwajinsa shi ne ki jiƙa, ki dunƙula a hannu, ki buɗe: ya tsaya a dunƙule, amma da kin taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ya tsaya kamar yumɓu, ƙara yashi. Taki kuwa ana samunsa wajen masu dabbobi a Oko-Oba, amma sai wanda ya yi aƙalla wata uku a tsibe, ya yi baƙi, ya huce, warinsa ya koma na ƙasa. Ki tankaɗe shi ki tsince gwazarma, don cin saiwa take yi.

A kula da yashin gini na Legas. Da yawansa daga cikin ruwa ake haƙo shi, kuma wani na ɗauke da gishiri. Ki zuba shi a buhu, ki kwarara masa ruwa sau uku ko ki bar shi ruwan sama ya wanke shi mako guda.

Reshe biyu a bokiti ɗaya ya isa. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Maris zuwa Afrilu, da faɗuwar ruwan farko, ta yadda kafin Yuni saiwa ta cika bokitin. In wannan ya wuce, a yi amfani da ɗan tsagaitawar ruwan da ake samu a Agusta: a yanko reshe a farkon watan, a mayar da shi bokiti a Satumba. Awa shida na ranar da kika ce kina samu sun wadatar.

Hajiya Mai Iri, Idi-Araba

Sannunku da ƙoƙari. Baban Khalifa, bayaninka ya yi, amma ban yarda a rufe ƙofar iri ba. Reshe 12 daga uwa ɗaya, ai uwar ce sau 12. In tana da raunin wata cuta, duk suna da shi. Kuma da yawa daga cikin wannan dangi ba sa ƙulla iri sosai sai garin fure ya zo daga wata uwar dabam. Ko da reshe za a yi, a yanko daga uwa uku ko huɗu masu nisa da juna. Iri kuma saiwarsa ta fi zurfi da daidaito.

Dalilin da ya sa mutane ke cewa irinta ba ya fitowa shi ne ba su san inda yake ba. Abin da muke kira fure ɗaya taron ƙananan furanni ne. Kunnuwan nan masu ɗorawa na gefe ado ne na kiran ƙwari, a kalankuwa ba sa haihuwa. Irin yana tsakiya, kowace ƙwaya a rungume cikin ɗan ɓawo kamar ƙaiƙayi. Sai kan ya bushe ya yi ruwan ƙasa, in an murza ya wargaje, sannan ya nuna. Ki tara kawuna 20 zuwa 30 a ambulan na takarda, ban da leda, don laimar Legas fumfuna take sa masa. Ki shanya a inuwa kwana biyar, ki murza a faranti, ki hura a hankali. Ƙwayar kirki ba ta wuce milimita 3 da ɗan kai ba, duhu gare ta, kuma in kin danna da farce za ki ji tauri. Wadda ta lotse fanko ce, kuma fankon na da yawa. Wanda ya shuka ƙaiƙayi da fanko ya jira wata guda bai ga komai ba, dole ya ce iri ba ya fitowa.

Shukar ba binnewa ba ce. Ki cika faranti mai huda da yashi da ƙasa rabi da rabi, ki jiƙa, ki barbaɗa irin a sama, ki danna da tafin hannu, ki yayyafa yashi siriri wanda bai fi kaurin ƙwayar ba. Ƙananan irin wannan dangi suna son haske kafin su tsiro, in suka yi zurfi sai su kwanta. Ban-ruwa da abin feshi, ko a tsoma gindin farantin a ruwa ya sha ta ƙasa. Ba a tare suke fitowa ba, wasu mako biyu, wasu har wata ɗaya da ɗori, don haka kada a zubar da farantin da wuri.

Babban makashin jariran tsiron shi ne cutar da ke kama su a wuya, daidai inda kara ya taɓa ƙasa: wurin ya sirance kamar zare, da safe a tarar sun kwanta. Cunkoso da yawan ruwa da rashin iska ke kawo ta. Maganinta a turara ƙasar tun farko, a zuba a tsohuwar tukunya da ɗan ruwa, a rufe, a ɗora a wuta minti 30, a bari ta huce. Ruwa da safe kawai. Idan sun yi ganye huɗu na gaske a ɗaga su da cokali da ƙasarsu, a riƙe ta ganye, ba ta kara ba.

Abu ɗaya kuma, Maman Sadiya, don na san za a ba ki wannan shawarar: kada ki jera duwatsu a ƙasan bokiti wai don ruwa ya wuce. Ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa sai ƙasar ta ƙoshi, saboda haka duwatsun ɗago jiƙaƙƙen wurin suke yi ya matso kusa da saiwa. Guntun gidan sauro a kan hudar ya isa ya hana ƙasa zubewa.

Maman Sadiya, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, ganyen biyu-biyu ne, da jijiya uku, ita ce. Saura maganar ruwan burtsatsen nan mai ja, da takin zamani, ko ana sa mata. Sannan akwai zomaye a gidan, an ce suna cin ganyenta. Gaskiya ne, kuma babu illa?

Mai Lambu, Ojo

Jan nan ƙarfe ne da ke narke a ruwan, in ya sha iska sai ya kwanta. Bai cika cutar da tsiro ba, ɓata ganye da bokiti kawai yake yi. Ki tara ruwan a buɗaɗɗen baho ya kwana, ki ɗebi na sama. Wanda ake tsoro shi ne mai gishiri, irin na wasu rijiyoyin Lekki da Ajah da sauran unguwannin bakin ruwa. Alamarsa gefen ganye ya ƙone ya bushe, farin ɓawo ya fito a saman ƙasa da bakin huda. In an ga haka a kankare ɓawon, a kwarara ruwan sama kamar lita 40 a bokitin a hankali ya fice ta ƙasa. Tara ruwan sama a duro tun daga Oktoba yana rage wannan wahala da rani.

Ban-ruwa ba da agogo ake yi ba, da yatsa ake yi. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu. In akwai danshi, ki bari. In ya bushe, ki zuba har sai ya ɗiga ta ƙasa, lita 2 zuwa 3. Da hunturu da zafin Fabrairu da Maris hakan kan zama kullum ko bayan kwana biyu, don bokiti a kan siminti saurin bushewa gare shi. Da Yuni da Yuli kuwa aikin shi ne duba huda, ba zuba ruwa ba. In an kwana biyu ana ruwa kika ga ya taru a saman bokiti, ki zura tsinke ta ƙasa ki buɗe hanya, ko ki ja bokitin ƙarƙashin rumfa. A nan ake yawan kuskure: tsiron da saiwarsa ta fara ruɓa yaushi yake yi kamar mai ƙishi, sai a ƙara masa ruwa. In ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, ganyen ƙasa na yin rawaya yana zuba, ruwa ne ya yi yawa.

Takin zamani kaɗan take so. Ciyawar fako ce, ta saba da ƙasa marar ƙarfi. Cokalin shayi ɗaya na NPK 15-15-15, wato kamar giram 5, a kowane bokiti bayan mako shida zuwa takwas, a binne shi a gefen bokitin nesa da kara, a bi da ruwa. Kada a fara sai ta yi wata guda a bokitin. Yuriya kada ta kusance ta. Ganye za ta yi manya-manya masu laushi, kara ya yi tsawo ya kwanta, fure ya yi ƙaranci, darɓa kuma ta samu wurin zama. Tithoniyar nan da na ce baƙuwa ce, a nan tana da rana: busasshen ganyenta na ɗauke da sinadarin naitirojin kusan kashi 3.5 cikin 100 da fotashiyam kusan kashi 4. A yanko ɗanyen ganyen ban da fure da iri, a yayyanka, a shimfiɗa cikin tafin hannu biyu a saman bokiti, ya ruɓe cikin 'yan makonni. Ya maye gurbin na kanti.

Ƙwari. Darɓa da farin ƙuda da ƙwaron nan mai kama da auduga suna maƙalewa a bayan ganye da kan toho. In kika ga tururuwa na hawa da sauka, ki juya ganye ki duba, zaƙin da ƙwarin ke fitarwa take bi. Kaɗan ne, a wanke da ruwa mai ƙarfi. Da yawa ne, a daka busassun 'ya'yan darbejiya giram 50, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun wanki kamar ƙwayar gyaɗa, a fesa bayan ganye da magariba, a maimaita bayan kwana bakwai. Da magariba, kuma ban da kan fure, tunda don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi kike renonta. Saboda su ne ma ba zan ba ki shawarar maganin feshi na kanti ba ko kaɗan. Tsutsa biyu ko uku a kan ganye a ƙyale su, wasunsu su ne malam-buɗe-littafin gobe.

Dodon koɗi da damina yakan cinye jarirai a dare ɗaya, sai a fito da tocila bayan isha a tsince. Da rani kuma akwai farar nan mai zanen baƙi da rawaya da ja, mai wari, wadda ta yawaita a kudu tare da ciyawar da Yarbawa ke kira akintola. 'Ya'yanta a cure suke kwana a kan reshe ɗaya, da asuba ba sa iya tsalle sosai, sai a kakkaɓe su cikin ruwan sabulu.

Alhajin Zomaye, Ikorodu

Hajiya, gaskiya ne. Zomaye da awaki da tumaki duk suna cinta, kuma masu kiwon zomo a kudu sun daɗe suna yanko ta. A bar ganyen ya sha iska a inuwa na wasu awoyi kafin a ba su, don jiƙaƙƙen ganye mai raɓa na kawo zawo da kumburin ciki. A haɗa da wasu ganyaye da dusa, kada ta zama ita kaɗai ce abinci. Amma akwai wurin taka-tsantsan: gwaje-gwajen da aka yi a jami'o'in ƙasar nan a kan zomaye da ɓeraye sun nuna yawan cinta na iya rage haihuwa. Don haka macen da ake son ta ɗauki ciki, da mai ciki, da namijin barbara, a rage musu ko a hana su. Waɗanda ake kiwo don nama ba damuwa. Ganyen da aka yi wa feshin darbejiya da sabulu a jira kwana bakwai a wanke.

An kuma san ta da tsayar da jini, ana murza ganyen a matse ruwan a kan sabon yanka. Ga ƙaramin ƙwarzane da ganyen gida mai tsabta, mutane na yi. Yanka mai zurfi, ko na tsatsar ƙarfe ko ƙusa, a danne da tsumma mai tsabta a tafi asibiti a yi allurar tetanus. Mai juna biyu kada ta sha ruwanta.

Kaushin ganyen nan ma abin lura ne. A dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya, bakin tafkin Tanganyika, masana sun ga biran cimpanzi suna tsinkar ganyen 'yan uwan kalankuwa da sassafe, su naɗe shi a baki su haɗiye ba tauna. Ganyen kan fito a kashinsu yadda yake, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna gashin ganyen na taimaka musu fitar da tsutsar ciki. Ikon Allah.

Baban Khalifa, Mile 12

Hajiya Mai Iri, na karɓi gyaran, a yanko daga uwa daban-daban. Saura aski, wanda ba wanda ya taɓo, kuma in babu shi bokitin zai zama dogayen karare biyu masu faɗuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ta kai santimita 25 zuwa 30, a tsinke kan da farce dab da saman gaɓa. Rassa biyu za su fito a wurin. In kowanne ya yi gaɓa uku, a sake tsinke kansa. Sau biyu ya isa, daga nan a bar ta ta yi fure, don a kan rassa furen ke fitowa, yawan rassa yawan fure. A kafa sandar gora mai mita ɗaya da rabi tun ranar dashe, a ɗaure da tsumma sako-sako, kada a jira sai saiwa ta cika bokiti a zo ana soka mata sanda.

Furen da ya yi yaushi a yanke shi da ɗan karansa har zuwa ganye biyu na ƙasa, sai waɗanda ake son iri a bar su su bushe. Ƙarshen Fabrairu, lokacin da ta yi tsawo ƙasanta ya zama tsirara, a sare ta gaba ɗaya a bar santimita 25 da gaɓa biyu ko uku a kowane kara. A kwashe ƙasar sama kamar yatsa uku, a mayar da sabuwa da ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya, a ba ta ruwa. Sarar ita ce sabon irin dashen Maris. Bayan shekara biyu a zazzage bokitin, a yanke saiwar da ta naɗe a ƙasa da wuƙa mai kaifi, kusan kashi ɗaya cikin uku, a mayar da ita cikin sabon haɗi, a ajiye a inuwa kwana biyar kafin ta koma rana.